Harbin Kowa Nasa Ne

A gidanmu na Gehuru, in sanyi ya shigo, ɗakin kakarmu Inna Tumba ne matattarar yara. Bayan isha'i takan hura wuta da karan gero a tsakar ɗaki, mu kewaye ta, ƙafafunmu duk toka. Ni da ƙanena Basiru bargo ɗaya muke shiga. Amma sanyin da ke tara mu shi ne kuma ke kwantar da shi, don an haife shi da amosanin jini, wanda yanzu ake kira sikila.

In ciwon ya tashi, Basiru yakan zama wani daban. Yaron da ba ya cin ƙosai sai ya gutsura mini, sai ya naɗe jiki ya juya wa bango fuska. In na kira sunansa ba ya amsawa. In na taɓa shi sai ya yi ƙara. Na ɗauka fushi yake yi da ni, don ni lafiyata ƙalau.

Wata rana da yamma ciwon ya kama shi a gwiwoyi. Babanmu ya tafi Jega neman magani, Inna Tumba tana gasa masa ƙafa da tsumma mai ɗumi. Na tambaye shi yadda yake ji. Da ƙyar ya ce, "Wuta." Na dubi murhu, na faki ido, na ɗora yatsa a kan garwashi. Ban yi kuka ba, amma Inna Tumba ta gani.

"Maigida, mi kaka yi?" Haka take kirana don wasan jika. Ta kama hannuna ta tsoma a ƙwaryar ruwa, ba ta yi faɗa ba. "Zamna nan. Ga wata ta taho, ku tarbe ta."

Haka take buɗe tatsuniya. Muka ce ta iso lafiya, muryarmu ƙasa-ƙasa saboda mara lafiya.

Ta ce an yi wasu 'yan mata biyu, Kande da ƙanwarta Lanti, waɗanda ba su taɓa raba komai ba. Ƙwarya ɗaya, tabarma ɗaya, ko kunu ne sai wannan ta kurɓa ta miƙa wa waccan. Ran nan sun je itace, kunama ta harbi Lanti a diddige. Kande ta goyo ta gida, ta zauna tana tambaya, "Ƙaƙa kika ji?" Lanti ta ce kamar ƙaya. Kande ta soka wa kanta ƙaya, ta ce, "Haka?" Lanti ta ce a'a. Daga nan ma ta daina magana.

Abin ya dami Kande. Ta koma daji, ta yi ta ɗaga duwatsu har ta sami kunamar. Ta durƙusa ta ce, "Don Allah ba ni irin abin da kika ba ƙanwata, mu raba."

Nan Inna Tumba ta siranta murya, ta zama kunama. "Yarinya, nata ya tahi da ita. In na ba ki, naki na."

Kande ta miƙa diddige, kunama ta harbe ta. Ta faɗi nan take. Itatuwa suka ɓace mata, hanyar gida ta ɓace, har sunan Lanti ya fita daga kanta. Duniya duka ta koma diddige guda. A gida kuwa Lanti tana ta kiran ruwa, babu mai ba ta. Wani makiyayi ne ya tsinci Kande ya kai ta gida. Aka kwantar da su a tabarmarsu, baya da baya, kowa tana nishin nata.

"Nan ta tsaya, kan ɓera ya ɗauki sauran," in ji Inna Tumba. Ta miƙo mini tsumman. "Ɗumama wanga. Hannu mai lahiya muka so."

Ban ji daɗin tatsuniyar ba. Babu dodo, babu wanda ya ci nasara. Amma daga ranar na daina tambayar Basiru yadda yake ji. Nakan ɗumama tsumma, in zauna kusa da ƙafarsa ba tare da na taɓa shi ba. Haka muka girma. Ya rasu yana saurayi, ana tsakiyar cirar albasa, ina zaune a gefen gadonsa.

Bara, ina dawowa daga kasuwar albasa ta Aliero, babur ya kayar da ni a hanyar Maiyama, ƙashin cinyata ya karye. Mai ɗori ya ɗaure, na yi watanni a kwance. Sai a lokacin na shiga ɗakin ciwo, wanda Basiru ya yi rayuwarsa a ciki. Ƙafar da na yi shekaru ina takawa ban taɓa tunawa da ita ba, ita ce ta zama gari, ni kuma baƙo a cikinsa. Masu dubiya sukan cika ɗaki, ina ganin bakinsu yana motsi kamar daga ƙetaren gulbi. Akwai wunin da ban tuna ina da 'ya'ya ba. Na gane ba fushi ƙanena yake yi ba. Wuri ne kawai ba ya ragewa a cikinsa, ko na mutum ɗaya. Da na so in faɗa masa na fahimta, sai na tuna ko yanzu ban san nasa ba. Nawa na sani.

Matata Hadiza takan kawo tiren shinkafarta ta zauna a bakin ƙofa tana tsincewa. Wata la'asar ta ɗago kai ta ce, "Malam, ya jikin?"

Na nemi kalmar da zan ba ta. Wuta ba ita ba ce, ƙaya ma ba ita ba ce. Na daɗe ina nema.

"Da sauƙi," na ce.

Ta dube ni, ta san ba haka ba ne. Ta gyara zama, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.