Haƙorin Ɗan Fari

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Dutse a zamaninmu ya san abin da hakan ke nufi. Kana da uwa, ga ta nan da ranta a tsakar gida, amma ba taka ba ce. Mahaifiyata 'yar Fulanin Aujara ce, aka kawo ta gidanmu a Limawa da kunyarta da ta fi ta kowa. Ba ta faɗin sunana. Ba ta ɗaukata a gaban mutane. In na tare mata hanya sai ta dubi gefe ta ce, "A ce wa wancan ya matsa." Ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar mahaifina, wadda duk gidan ke ce wa Iya. Ita kuwa wadda ta haife ni, Adda nake kiranta, don kuwa haka na ji ƙannen babana suna ce mata.

Iya ta so ni, ban ce ba ta so ni ba. "Maigidana" take ce mini, ni kuma in ce ba na son tsohuwa, ta bi ni da mafici tana dariya. Tana da bishiyar dabino guda biyu a kwarin bayan gari, kuma mai laushin nan da ke manne wa haƙori ni ake ware wa. Wannan ma da sauƙi. Abin ya lalace ne a shekarun da jirgin ƙasa ya iso Kano, Nasara suka buɗe sayen gyaɗa. Babana ya shiga kai gyaɗa da jakuna, in ya dawo ya zo wa uwarsa da tsaraba daga kanti. Wata dawowa ya zo da sukari. Ba mu taɓa ganin irinsa ba, fari fat, ƙwaya-ƙwaya, kowace da kusurwa huɗu. Har maƙwabta sai da suka shigo kallo. Iya ta zuba shi a kumbo ta tura ƙarƙashin gado, ta ce na maigidanta ne shi kaɗai.

Kullum sai ta cusa mini ƙwaya ɗaya a kuncin hagu, bayan tuwo da kuma in zan kwanta. "Kada ka tauna," in ji ta, "bar shi ya narke, ya fi jimawa." Haka zan yi barci da shi a baki, in farka da ɗanƙo a harshe.

Ƙannena biyu kuwa suna wajen Adda. Su ba 'yan fari ba ne, don haka ta san da su. Kowace safiya za ta durƙusar da su bakin rariya, ta ba su aswaki, ta sa yatsa ta goge musu haƙora da garin gawayi da gishiri, suna kuka tana cewa a buɗe. In sun ci dabino sai sun kurkure baki. Ni ina zaune ƙofar ɗakin Iya da sukari a kunci ina yi musu gwalo. Wawa! Ina ganin ni ne ɗan gata. Wata rana matar baffana ta ce wa Iya ya kamata a riƙa ba ni aswaki, Iya ta ce, "Haƙoran yaro? Duk za su zube a famfara, wasu su fito. A bar mini maigida ya sha daɗinsa." Adda tana wajen tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

Ina da kamar shekara bakwai ciwon ya fara. Na riga na soma famfara, na gaba sun faɗi, sannan can ƙurya ta ƙasa wani sabon matauni ya fito, babba, irin wanda ake taunar tsaba da shi. Da fari in na sha ruwan randa ne nake jin tsam. Daga baya ya zama ko iska na shaƙa sai na riƙe kunci. Zafin ya cika gefen fuskata duka, har kunne, har ido. In an ce in nuna inda ke ciwo sai in dafa rabin kaina, don ni kaina ban san wanne ne ba.

Iya ta ce tsutsa ce. Kowa ma haka ya ce, don a lokacin duk ciwon haƙori tsutsa ce. Aka aika aka kira wani mutum da ke bin kasuwanni, daga ta Jahun aka taho da shi, wai sana'arsa fitar da tsutsar haƙori. Ya sa garwashi a kasko, ya cuɗa 'ya'yan gautan kura da kakiɗe ya jefa a ciki, ya kifa wani mazurarin duma a kai, ya sa mini bakin mazurarin a baki. Hayaƙin ya shige mini har ƙwaƙwalwa, ina tari, hawaye da majina suna zuba. Da ya ɗaga sai ga wasu 'yan farare-farare sun lanƙwashe a cikin ruwan da ya ajiye a gefe. Mata suka ɗauki salati. Sai da na girma na gwada da hannuna, ba tare da bakin kowa ba, na ga ashe 'ya'yan gautan ne ke fashewa in sun ji wuta. Maƙaryacin banza. Kuma ya san ciwon ba zai tafi ba, don haka tun kafin ya naɗe kayansa ya gyara wa kansa hanya. Ya ce wa Iya, "'Ya'yan sun fita. In kin ji ya sake kuka, to uwar ce ta gudu can ƙurya, cikin na ƙarshen." Iya ta riƙe wannan magana gam.

Kwana biyu kuncina ya kumbura. Ran nan da rana tsaka Iya ta tafi barka unguwar Garu, maza suna gona, babana yana hanyar Kano. Ina kwance a inuwar rumbu, na gaji da kuka, idona a rufe. Sai na ji tafiya a hankali. Na buɗe ido kaɗan na ga Adda ce. Ta dubi ƙofar zaure, ta dubi ɗakin matar baffana, sannan ta durƙusa kusa da kaina. Na yi lamo kamar mai barci, don na san in na motsa za ta tashi. Ta juya fuskata wajen haske, ta sa yatsa ta buɗe bakina. Hannunta yana ƙanshin man shanu. Ban taɓa jin hannun nan a fuskata ba tun da na yi wayo. Ta ɗauki tsinke ta taɓa na ƙarshen, sabon, ban ji komai ba. Ta taɓa na gabansa, ta gefe, sai da ƙafata ta harba. Na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Wannan ne. Ga kogon nan ta ciki." Ta tauna kanumfari ta cusa a ramin, ta bar tafin hannunta a kan kumburin na ɗan lokaci. Sai aka yi sallama a zaure, ta miƙe zumbur ta koma wajen faifanta.

Ranar, duk da ciwon, murna na yi. Na ce ashe ta san da ni. Na ce ko me za a yi, akwai mutum ɗaya a gidan nan da ya san wane haƙori ne.

Washegari da hantsi Iya ta kira wanzamin gidanmu, dattijon da ya yi mini askin suna. Ya shigo tsakar gida da zabirarsa, ya fito da awartaki ƙirar maƙera, ya goge a gefen riga. Baffana ya zauna a tabarma ya matse ni tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe mini hannuwa ta baya. Wanzami ya sa mini guntun itace a ɗaya gefen don kada in rufe baki, daga nan ba ni da sauran magana. Matan gida da na maƙwabta suka kewaye mu. Adda tana can gindin rumbu tana tsince wake a faifai, bai fi taku goma ba.

Wanzamin ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa. Ya leƙa ya sake leƙawa, ya ce, "Iya, kumburi ya rufe wajen, bakin ma da ƙyar yake buɗuwa. Biyu ne a nan. Wanne?"

"Na ƙarshen," in ji Iya. "Can uwar ta shige."

"Na ƙarshen nan kamar sabo ne fa, Iya."

"To ai sabon ne ya zo da ita. Da bai fito ba yaron lafiyarsa ƙalau. Cire, Sarkin Aska, kada ka sa maigidana ya wuni a haka."

Ya sauke awartakin. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Uwar yaron fa? Ko ta duba?"

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Haba Sarkin Aska, ɗan fari ne fa!" Suka juya gaba ɗaya suna kallon Adda, suna jira su ga yadda za ta yi. Ni ma na juya ido, don ido kaɗai ya rage mini. Na kafe ta da shi. Yawu yana zuba ta gefen itacen, ina gurnani, ina ƙoƙarin in ce Adda, faɗa musu. Kalma uku ce. Na gabansa ne. Ko ba za ta dube ni ba, ta faɗa wa wanzami, ta faɗa wa rumbu, ta faɗa wa akuya ma na yarda.

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Na gani da idona, ya tsaya. Sannan ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce, "Ni me na sani a bakin ɗan mutane?"

"Kai, Fulani!" in ji matan, suna tafawa.

Wanzami ya yi bisimilla ya kama na ƙarshen. Lafiyayyen haƙori ba ya fita da daɗi. Ya ja, ya murɗa, ya dafa goshina da hannu ɗaya, na ji ƙarar a cikin kaina. Baffana ƙato ne, amma sai da na kusa kuɓuce masa. Da ya fito, wanzami ya ɗaga shi yana juyawa: fari tas, saiwa dogaye, ko ɗigon baƙi babu. Ya sa wa Iya a tafin hannu, ya cusa mini auduga, ya haɗa zabirarsa da sauri. Iya ta duba ta ce muguwar ta ciki take ci, shi ya sa ba a gani. Ta share mini hawaye ta ce in yi haƙuri, wani zai fito. Don ta lallashe ni, sai ta jawo kumbo ta ba ni sukari.

Ciwon yana nan inda yake, sai ma na ramin da ya ƙaru a kai. Na yi kwanaki ba na cin komai sai kunu. Daga baya kumburin ya fashe da kansa, ruɓaɓɓen ya riƙa gutsurewa kaɗan-kaɗan har ya ƙare, kuma da yake na yarinta ne, wani ya fito a gurbinsa. Wanda aka cire kuwa na girma ne, irin wanda Allah ke ba mutum sau ɗaya. Na yi shekaru ina kai harshe wajen kowace safiya ko zan ji tsini. Har yau rami ne, na kusa da shi sun karkace sun faɗa ciki, kuma da gefen dama kaɗai nake tauna.

Abin da ya fi ramin ci mini rai shi ne yabon. Labari ya zaga unguwa cewa ana cire wa ɗanta haƙori a gabanta ko gezau ba ta yi ba. Tsofaffi suka riƙa yi wa surukansu gori da ita. Iya da kanta ta ba ta sabon zane. Ina ji ana faɗa a gidan biki, ana faɗa a bakin rijiya, ni ina tsaye da harshena a cikin ramin. Na san in da ta yi magana da an shekara ana yi da ita, an ce ta ƙaryata uwar mijinta a gaban baƙo, an ce ta nuna son ɗan fari a fili, dangin Aujara sun ji kunya. Na san duk wannan, an sha faɗa mini. Ban yafe wa mai hayaƙi ba, Iya kuwa jahilci ne da so, Allah Ya jiƙanta. Amma Adda ta sani. Ita kaɗai ce ta sani.

Da na yi aure Allah Ya ba ni ɗa namiji. Aka yaye shi, aka ce a kai shi ɗakin Adda, don lokacin ta zama ita ce tsohuwar gida. Na ce ba inda za shi. Aka yi ta surutu, na toshe kunne. Wata safiya, yana da shekara uku, na ɗauko shi na ɗora a cinyata a tsakiyar gida, gaban kowa, na kira sunansa da ƙarfi, na tauna aswaki ya yi laushi na fara goge masa haƙora. Matata ta gudu ɗaki don kunya. Ƙannena suka sunkuyar da kai.

Adda ta fito daga ɗakinta tana dogara sanda. Ta zo har gabana ta tsaya. Ba ta ce a faɗa wa wancan ba. Ta dube ni cikin ido, karo na farko tun da ta haife ni, ta ce, "Kai dai ba ka da kunya."

Na ce, "Ba ni da ita, Adda."

Na juyo da fuskar yaron wajen haske, na ce ya ƙara buɗewa in ga na bayan.