Fulogin da Ya Tsallako Kogi

Duk wanda ya san Baba Janaini ya san farcen nan, kada wani ya ce mini ya manta. Kowace Juma'a yakan zauna a ƙofar gidansa a unguwar Mayo da ke gefen Khartum ya yanke farce tara, ya bar ɗaya, na babban yatsan hagu. Wannan ba na yankewa ba ne, kayan aiki ne. Da shi yake auna bakin fulogi, 'yar tazarar nan da wuta ke tsallakawa in an ja inji. In farcen ya shiga da ɗan ƙyar, fulogi ya yi. In ya shige salin-alin, sai Baba ya ƙwanƙwasa kan fulogin a dutse ya sake gwadawa.

Liman ya taɓa yi masa magana cikin ladabi, wai sunna ce a yanke duka goman. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, ciyar da iyali ma ai sunna ce. In na yanke wannan, kai za ka je ka aske ciyawar Khartum?"

Sunansa na yanka Tanko, amma tun yana saurayi yake aikin lambu a gidajen manya da ofisoshin cikin gari, sai sunan Janaini ya bi shi, wato mai lambu da Larabcin nan. Ranar da ƙofar bas ta karya masa farcen kuwa, ai kuna nan. Ya naɗe yatsan da tsumma ya kwanta, mata suna ta shigowa jaje kamar an yi mutuwa. Sati uku ciyawa tana tsawo a gidaje huɗu, Baba ya ce shi ba zai ɗaura wa injin mutane fulogi da ka ba.

Ni Haruna, abin da ya kai ni hannunsa ba inji ba ne. Kubura ce, autarsa, ita kaɗai ta rage masa a gida tun da mahaifiyarta ta rasu. A wani biki na gan ta, na rasa sukuni. Lokacin ina jan raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, a Omdurman, tsallaken kogi, ina zaune a unguwar Dar Salam, ina ji da kaina, Hausa ma sai in ga dama nake yi. Da na ce mata zan zo in gaida Baba sai ta ce, "To, ka zo," ta yi wata irin dariya da ban gane ba sai daga baya.

Na same shi a tsakar gida, tsugune gaban wani tsohon injin yankan ciyawa. Wani maigidansa ne ya bar masa da zai bar ƙasar. Ku da kuka san Mayo, ku faɗa mini, ciyawar me za a yanka a Mayo? Amma injin yana da rumfarsa, yana da mayafinsa, yana da suna. Mudir ake ce masa, wai don sai ya ga dama yake aiki, kamar shugaban ofis.

Na durƙusa na kwararo gaisuwa da Larabci, irin ta 'yan gari, har da lanƙwasa harshe. Baba bai ko ɗago ba. Ya miƙo mini wata baƙar waya ya ce, shi ma da Larabcin, "Riƙe mini nan."

Na riƙe. Ya finciki igiya.

"Wayyo Inna! Wayyo Allah na mutu!"

Na tsinci kaina zaune a cikin kwanon ruwan kaji. Baba ya gyaɗa kai, ya juya wajen ɗaki ya ce, "Kubura, wutar tana da kyau. Baƙon naki ma ashe yana jin Hausa."

Ashe haka yake gwada wutar inji, da mutane. Har ma'auni gare shi. In mutum ya ce "Kai!" wutar ba ta da ƙarfi. In ya yi ihu da Larabci, da dama-dama, tunda har ya sami sararin zaɓen harshe. Amma in ɗan Omdurman mai gyaran gashi ya kira uwarsa da Hausar kakanninsa, to wuta ta kai wuta. An ce har wani mai wa'azi da ya zo daga nesa sai da ya riƙe wayar nan. Abin da ya fito daga bakinsa, Baba bai taɓa yarda ya maimaita ba, sai dai ya ce, "Malamin nan ya yi yawon duniya."

Bayan wata biyu na tura Kawu Idi, ƙanin mahaifina, neman aure. Kawu ya ji labarin waya, don haka tun daga ƙofa ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihun jallabiya, bai fito da su ba har ya tafi, ko shayi bai karɓa ba. Ya dawo ya ce mini, "Kai, surukin nan naka lafiyarsa ƙalau kuwa? Ya ce ba ya neman komai. Wai Mudir ya kwanta, kai kuma ka ce direba ne. Ka kawo fulogin da zai tashe shi. Ranar da Mudir ya yi tari, a sa rana."

Na yi dariya har da buga cinya. Fulogi? Ni da nake kwance na raksha ido a rufe? Na ce wa Kawu ya fara neman ɗinkin biki.

Da na je, na ce, "Baba, a ba ni tsohon in tafi da shi kasuwa, a dubo irinsa." Ai ko yaron goye ya san haka ake yi.

Baba ya dube ni kamar na ce a ba ni aron haƙoransa. "Tsohon? Ya gama aikinsa da mutunci, yanzu ka kai shi kasuwa 'yan tireda su yi ta jujjuya shi suna duba gindinsa? Ya shiga fansho."

Ya nuna mini gwangwanin madara cike da matattun fulogi. Su ne 'yan fansho. Baba bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Lokaci-lokaci yakan zaɓo wani ya cusa a garwashin da Kubura ke dafa gahawa, wai a ƙona masa baƙin ciki ko zai dawo bakin aiki. Shi ya sa gahawar gidan take da ɗan ƙamshin gareji, in kun tuna, kuma ba wanda ya isa ya ce uffan.

Na ce, "To lambar da ke jikinsa fa, Baba?"

"Na goge. Mai ido ba ya bukatar lamba."

To fa. Daga Dar Salam zuwa Mayo ba nan kusa ba ne. Bas uku, ga gada, ga cunkoso, ga rana. In na fito da hantsi sai azahar nake isa, ranar kuma raksha ta kwana ba ta fita ba. Na kawo na farko. Baba ya sa farce, ya juya shi, ya ce wuyansa ya yi tsawo, zai fasa wa fistan kai. Wannan kam gaskiyarsa ne, na yarda. Na biyu ya ce gajere ne, wutarsa a rami za ta tsaya. Shi ma na haɗiye. Na uku ya shinshina ya ce mai zafin rai ne, irin na babur, Mudir kuwa dattijo ne, ba ya son gaggawa. Na huɗu ya ɗan gatsa farin jikinsa da haƙori ya tofar, ya ce jabu ne.

Na biyar ba shi da makusa. Na ga idon Baba yana ta yawo a kansa yana neman laifi bai samu ba. Shi da kansa ya ɗaura, ya ce in ja. Na ja, na ja, na ja har kafaɗata ta ce ƙas. Mudir ko atishawa bai yi ba. Baba ya kwance fulogin da sauri ya jefa aljihu.

"A ina ka saya?"

"Omdurman, Baba."

"Af! Shi ya sa. Ya tsallako kogi, ya sha sanyi. Fulogin Omdurman ba ya aiki a Khartum."

Wallahi da wani ne ya faɗa mini haka a tashar raksha da sai an raba mu. Amma uban Kubura ne. Na ce, "Haka ne, Baba." Sati na zagayowa na sauka a cikin Khartum, na sayi irinsa sak, na naɗe shi a hankici kada iska ta taɓa shi. Aka ɗaura, na ja har na ga taurari da rana tsaka. Shiru.

"A Khartum na saya fa, Baba!"

"Wa ya ɗauko shi?"

"Ni."

"Kai a ina ka kwana?"

"Omdurman."

Ya buɗe hannuwa. "To!"

A bas ɗin komawa ranar har ƙwalla na yi, ba na jin kunyar faɗa. Wata huɗu ke nan. Abokaina sun sa mini suna Angon Fulogi. Kawu ya ce ga 'yan mata nan birjik a Dar Salam waɗanda iyayensu ba su da inji. Ni kuma tsoro ya fara kama ni da gaske, don na ga alamar zan iya rasa Kubura a kan abin da bai fi yatsa ba.

Zuwa na bakwai, an ɗaura, na ja, shiru, sai aka kira la'asar. Baba ya ɗauki buta ya nufi masallaci, ya ce in ya dawo zai duba laifin wannan. Karo na farko ke nan da aka bar ni da Mudir mu biyu. Na ɗauki sifana na kwance fulogin da kaina. A bushe yake ƙayau. Na shinshina, ko ɗigon warin fetur babu. Haba! Duk jan nan da na yi, ai ya kamata ya jiƙe. Na kwanta rub da ciki na leƙa ƙarƙashin tanki. Ɗan famfon da ke sakin mai a rufe yake gam, har an ɗaure shi da zaren buhu don kada ya buɗe da kuskure.

Na ɗago, sai ga Kubura tsaye a bakin ƙofar ɗaki da tire.

Na ce, "Kin san famfon nan a rufe yake?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kawunka ya zo."

"Wata huɗu, Kubura! Kafaɗata!"

"Kai ne direba ko ni?" Ta ajiye tiren. Sai muryarta ta sauka. "Tun da Inna ta rasu, in ban zauna a gabansa ba ba ya cin abinci. Bai taɓa faɗa ba, ba kuma zai faɗa ba. Ga zaren nan, in ka ga dama ka tsinke, ka tashi injin, ya dawo ya tarar. Alkawari ya yi a gaban mutane, ba zai saɓa ba."

Na daɗe ina kallon zaren nan. Haushi nake ji kamar in fashe, ga kuma tausayi. In na tsinke, na ci. A sa rana, in ɗauke ta mu haye gada, in bar tsoho da gwangwanin 'yan fansho da kunyar an kama shi. Na mayar da fulogin yadda yake, na karkaɗe rigata, na bi shi masallaci.

Da muka dawo na ce, "Baba, na yi tunani. Maganarka gaskiya ce, kogin nan ne matsalar."

Ya dube ni ta wutsiyar ido.

"Na ji an ce akwai ɗaki da ba kowa a bayan gidan mai burodi. In na dawo da raksha nan Mayo, na kwana nan na tashi nan, ina ga sanyin zai sake ni."

Kaji ma kamar sun tsaya saurare.

"Ɗakin nan yana yoyo," in ji shi.

"Zan yaɓe."

"Ba shi da ƙofar kirki."

"Zan sa."

"Taku nawa ne daga nan?"

"Ban ƙirga ba, Baba. Amma tuwo ba zai huce a hanya ba."

Sai Baba ya sunkuya, wai takalminsa ne ya shige ƙarƙashin inji, alhali duka biyun suna ƙafarsa. Ya daɗe yana neman takalmin nan. Ni kuma na ɗaga kai ina nazarin rumfa kamar yau na fara ganinta. Ya miƙe ya ce, "Ja mu gani. Wataƙila wannan ɗan gidan mutunci ne."

A ja na uku Mudir ya yi tari, ya yi gurnani, ya turnuƙe gidan da hayaƙi. Kaji suka haye katanga, maƙwabta suka leƙo. Baba ya kama hannun injin ya shiga tura shi a tsakar gidan da ko tsinken ciyawa babu, tsakuwa tana ta tsalle, ya je bango ya dawo, ya je ya dawo, bai dubi kowa ba. Mun yi ta yi masa magana ba ya ji, ko kuma ba ya so ya ji. Sai da ɗan man da ke tankin ya ƙare tas, injin ya mutu don kansa, sannan ya goge fuska da hular kansa ya ce, "Ka turo kawun naka. Ka ce masa ya fito da hannunsa, ba abin da zan ba shi ya riƙe."

Shekara tara muna cin tuwon dare a kwano ɗaya, ni da shi, maganar famfo ba ta taɓa haɗa mu ba. Sai a ciwonsa na ƙarshe, kafin wannan tashin hankali na yaƙi da ya watsa mu gari-gari. Ina zaune a gefen gadonsa da rana, ya kamo hannuna ya ce, "Haruna. Ranar nan. Ka leƙa, ko?"

Na ce, "Na leƙa, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ja'iri. Shekara tara ka bar ni ina zaton na iya dabara." Bai saki hannun ba, sai can ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ina kewarsa, jama'a, ba kaɗan ba. Allah ya jiƙan Baba Tanko, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Ya ji tsoron zama shi kaɗai a duniya, ya Allah kada ka bar shi shi kaɗai a can. Ka sada shi da Innar Kubura cikin rahamarka, mu kuma ka kyautata namu zuwan. Amin.