Farar da Kaka Ta Soya

Har yau idan aka jiƙa dusa za a ba awaki, nakan tashi daga wurin. Jikokina suna cewa tsirfar tsufa ce. Ba su san cewa haka zauren gidanmu na zangon Bawku yake wari ba a shekarar da fara ta zo. Ina so ka san abin da aka yi a gidan nan.

Lokacin ban wuce shekara goma ba, ina zuwa makarantar gwamnati, inda mu 'yan mata ko benci ɗaya ba mu cika ba. Ni yarinya ce marar magana. Idan babba ya dube ni, sai in dubi yatsun ƙafata. Amma babu abin da ke wuce idona. Babana ya kora shanu kudu ta hanyar Salaga, ya bar gida a hannun ƙanensa, Baffa, da mahaifiyarsu, Kaka. Sai Mma da ta haife ni, da ni, da ƙanwata mai shekara huɗu, wadda ba ta sakin gefen zanen Kaka.

Farar ta sauka gero yana fitar da kai. Da rana tsaka sama ta yi duhu, kana jin cinta a gona kamar wuta ta kama busasshiyar ciyawa. Manoma suna kuka, mu yara muna tsalle, domin a wurinmu fara abinci ce. Da sassafe, kafin raɓa ta sake ta, ake kwasarta a kwando. A cire fiffike da ƙafafu, a tafasa, a soya da man kaɗe da yaji. Duk zango babu wanda ya kai Kaka iya wannan suya, kuma ta san haka.

Sai wani Bature ya zo da durorin ƙarfe, ya ɗauki leburori, ya naɗa Baffa helmansu, wato shugabansu, saboda yana jin Kusasanci, yaren mutanen ƙasar. Duro ɗaya a zaurenmu aka ajiye shi. A jikinsa akwai jan rubutu da hoton ƙoƙon kan mutum bisa ƙasusuwa biyu. A ciki farin gari ne kamar na kanwa, ba shi da wari. Ana cuɗa shi da dusa da ruwa, a watsa a gona, fara ta ci ta mutu.

Ina laɓe bayan ƙyaure ranar da tafintan Baturen ya karanta wa Baffa dokokin aikin, kuma ban manta ko ɗaya ba. A juya da sanda, kada a sa hannu. A ɗaure hanci da ƙyalle. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa goro ko tuwo. A ɗaure dabbobi. Abin da ya rage a binne shi nesa da rijiya. Ta ƙarshen kuwa sau biyu ya faɗa: kada kowa ya ci farar da ta mutu, a gaya wa kowane gida.

Baffa ya gaya wa maza a ƙofar masallaci. Ya bi ƙauyukan Kusasawa ya gaya musu. Cikin gidansa bai ce uffan ba. Shi mutum ne da ba ya kawo maganar aikin gwamnati gaban mata, a ganinsa zubar da girma ne. Yakan ratsa tsakar gida yana kaɗa makullin duro, hannunsa fari fat har gwiwa, domin sandar ma tun rana ta biyu ya jefar da ita. Da Mma ta tambaye shi abin da ke cikin duron, ko tsayawa bai yi ba.

Ya ce, "Ke da murhu aka haɗa ki, ko da zaure?"

Kwana uku bayan haka Kaka ta fita da asuba zuwa 'yar gonarta ta bayan gari. Ta dawo da kwando cike tana godiya ga Allah, wai bana fara a tsibe take a ƙasa, ko bin ta ba a yi. Na tsuguna kusa da kwandon. Farar da raɓa ta kama tana ƙarce kwando a hankali, kana jin ƙas-ƙas. Wannan kwandon shiru yake. Ƙafafunsu a naɗe, ga ɗan ɓurɓushin dusa a bakin wasu.

Na ce, "Kaka, wannan farar ba ta motsi." Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Sanyi ne. Ke 'yar boko, tun ba a haifi ubanki ba nake kamun fara. Miƙo min tukunya."

"Na ji an ce kada a ci."

"Wa ya ce? Da akwai magana da baffanki ya faɗa min. Ko ke ce helma yanzu?"

Idan na faɗi inda na ji, na tona wa kaina asirin laɓe, kuma Baffa ba ya wasa da dorina. Na miƙa mata tukunyar. Na ɗauki allona na tafi makaranta ban karya ba.

Da na dawo da azahar, kajin da suka tsattsagi fiffiken na fara gani, kwance a mace gefen katanga. Ƙanwata tana cinyar Mma tana amai, gudawa na zuba kamar ruwan wankin shinkafa. Ruwa kawai take roƙo, ta sha ya dawo. Bakinta yana warin tafarnuwa, alhali ranar ba a sa tafarnuwa a komai ba. Mma tana ramuwar azumi, ba ta ci ba. Kaka kaɗan ta ci saboda rashin haƙora, sauran duk ta ɓare wa jikarta, tana sa mata a baki ɗaya bayan ɗaya. Malamin asibiti ya zo, ya ɗura wa yarinyar madara da ɗanyen ƙwai, ya ce da an kira shi tun hantsi. Washegari kafin la'asar aka fita da ita a tabarma.

A wurin zaman makoki na ji Baffa yana gaya wa masu gaisuwa, "Kwananta ne ya ƙare." Haka ya yi ta faɗa, gwanin natsuwa.

Kaka ta tashi bayan jinyar wata guda, da fararen layuka a kan farcenta. Sau ɗaya na ji ta yi wa Baffa maganar.

"Ka gaya wa masallaci, ka gaya wa ƙauye. Ni da na haife ka fa?"

"Iya, ai ban san za ki je gonar ba."

"Wace shekara fara ta zo ban je ba?"

Ni ma ina da nawa kason, na sani, ni na miƙa tukunyar. Amma ni yarinya ce mai tsoron dorina, shi kuwa babba ne mai tsoron a ce ya yi magana da mata. Shekaru da yawa bayan haka, yana kwance ciwon ajali, ya tara mu yana neman gafara. Da aka zo kaina na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya ci gaba da dubana yana jiran sauran. Na tashi na fita.

Yanzu guba ba ta bukatar Bature ko makulli. A kasuwar Bawku kusa da tumatir ake kasa ta, a ɗura a kwalbar lemo babu rubutu, maigida ya saya ya tura ƙarƙashin gado. Ranar kasuwar da ta wuce na ga wani mai tebur ya ƙulla wa wata mai goyo farin gari na kashe ƙwarin wake, ya miƙa mata kamar gishiri. Na dogara sandata na tsaya a kansa, na ce sai ya gaya mata abin da yake yi wa yaro idan ya lasa. Ya ce ai mijinta ne ya aiko ta, shi ya sani. Mutane suka taru, wasu suna cewa tsohuwa ta rikice. Ban gusa ba sai da ya faɗa mata da bakinsa, ita kuma ta maimaita na ji.