Ranar da Sha'ibu Mai Giya Ya Ƙi Gyara Mota

Malam Sha'ibu taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini. Matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Ba a yi masa allura sai an riƙe shi, kuma da idona na ga tsaka ta kore shi daga ɗakinsa da rana tsaka. A Mairuwa aka haife mu, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ni na bi sana'ar hatsi, ina da rumfa a kasuwar Ƙanƙara. Shi kuwa fartanya ta ƙi shi tun yana saurayi, ya gudu Kaduna ya koyi kanikanci. Da ya dawo gemu ya fara furfura, sai ya kafa rumfar kwano a bayan tasha, ya ce shi giyar mota otomatik kaɗai yake gyarawa. Muka yi ta yi masa dariya, don a lokacin motocin da ke canza giya da kansu ba su taka kara sun karya ba a duk garin. Yau ga su nan birjik, tsofaffin 'yan Kwatano, har daga Funtuwa ake kawo masa aiki.

Yadda yake aiki yana ƙular da masu gaggawa. Ka kawo mota, ba zai taɓa sifana ba sai ya yi maka tambayoyi kamar alƙali. Da sanyin safiya take yi, ko sai ta ɗauki zafi? A gaba take ƙi, ko a ribas? Da kaya, ko wayam? Fizga take yi in za ta canza, ko injin ne ke ihu ita tana tsaye? Daga nan ya zaro gejin man giya, injin na aiki, ya goga a farin ƙyalle. In man ja ne garau, ya gyaɗa kai. In ya yi kalar kunu, ya ce ka tsallaka rafi da ita ruwa ya shiga. In ya yi duhu, sai ya kai hanci ya lumshe ido kamar mai zaɓen turare. Matarsa Amatullah ta gaji da neman fararen tsummokaranta. Bayan duk wannan, ba ya kwance giyabos sai ya zauna a cikin motar ta yi abin a ƙarƙashinsa. Yana cewa da baya yake jin giya, ni kuma ina cewa lalaci ne da son yawo a motar mutane.

Daminar bara waccan wani direba ya shigo rumfarsa ina zaune. Ɗanlahadi sunansa, ɗan wata unguwar Maguzawa ce a bayan Sabuwa, yana jigilar mutane da kaya zuwa Faskari ranar kasuwa a wata tsohuwar wagon otomatik. Idonsa ya faɗa, ga tabon duka a goshi. Ya durƙusa ya gaida mu, ya ce, “Baba Sha'ibu, motata na kawo, amma raina ne a hannunka.”

A hanyar dajin da yake bi akwai wani wuri da ake kira Hawan Marke, bayan an fita daga yashin rafi, itatuwa sun rufe hagu da dama. Kowa ya san nan ne mutanen daji ke tare hanya, kuma kowane direba da gudu yake wuce shi. Motar Ɗanlahadi kuwa, tun farkon bazara, da ta iso nan sai ta saki. Injin na kuka, tayoyi na rarrafe. Fasinjoji suka fara ƙorafi. Ran nan ta saki, 'yan bindiga suka fito, suka tafi da mutum biyu, shi kuma suka buga masa gindin bindiga suka bar shi. Ɗaya daga waɗanda aka ɗauka, Ubale, ƙanin Yahuza ne, shugaban 'yan bangar yankin. Aka gwada motar a cikin Faskari, aka zaga gari da ita, lafiya lau take canza giya. Shi ke nan magana ta fita: Ɗanlahadi infoma ne, da gangan yake ɗage ƙafa. Aka hana shi lodi a tasha. Yahuza ya aiko cewa bayan kasuwa mai zuwa za su zo su yi masa tambayoyi, kuma a ƙasarmu yanzu babu wanda bai san ba kowa ke dawowa daga irin waɗannan tambayoyin ba.

Ba zan ɓoye ba, tausayinsa ya kama ni, kuma raina ya ɓaci. Da ɗan gidan wani mai faɗa-a-ji ne, da an tsaya an bincika. Amma mutumin ƙauye ne, wanda ba a sallah sahu ɗaya da shi, zarginsa ba wuya.

Sha'ibu ya yi tambayoyinsa. Ya ji cewa daga Sabuwa har Ƙanƙara a kan kwalta, ba kaya, motar ba ta yi ko tari ba. Ya shinshina man, ya yamutsa fuska, ya ce warin ƙanzo yake. Sannan ya leƙa ƙasan lagireto ya daɗe bai ɗago ba.

“Wa ya canza maka lagireto?”

“Wani mai gyara ne, Baba, da zahin bazara ya hwasa na asalin. Ya sa mani babba mai layi biyu, irin na motocin kuloci. Kowa haka shika yi.”

Gaskiya ne, kowa haka yake yi. Mu nan da mota mai kuloci muka tashi, kuma duk motar da ta shigo daga waje abu na farko shi ne a sa mata babban lagireto saboda zafin ƙasarmu. Sha'ibu ya nuna mana wasu siraran bututu biyu da suka fito daga giyabos. A lagireton asali akwai inda suke shiga, man giya ya ratsa ya huce ya koma. Na motar kuloci ba shi da wannan wurin. Mai gyaran da ya rasa inda zai cusa su, sai ya haɗa bakinsu da guntun tiyo ya ɗaure da waya. Man yana ta zagaye bai taɓa shan iska ba. A cikin gari ba ya kai ga tafasa. Amma a ɗora buhuna, a bi yashi a ƙaramar giya da rana tsaka, lokacin da za a fito daga rafin nan ya tsinke kamar ruwa, ba ya iya riƙe komai.

Ɗanlahadi ya miƙe. “To a gyara, Baba, dan Allah, yau ɗin nan.”

Sha'ibu ya rufe bonet a hankali. “In na gyara ta yau, na kashe ka. Mi za ka nuna masu? Motar da ke tahiya lahiya? Ita ce kaɗai shaidarka, kuma sai tana ciwo take shaida.”

Ya tambaya ko Yahuza ya iya tuƙi, aka ce ya yi direban tifa shekaru. Ya ce to, ranar kasuwa za a yi lodi kamar kullum, a tashi lokacin da aka saba, Yahuza ne zai riƙe sitiyari, shi kuma zai zauna a gefensa. Na dube shi na ce, “Kai ɗin? Hawan Marke? Ko ka manta da tsaka?” Bai yi dariya ba. Ya ce fasinja ba za su yarda su shiga ba, ana bukatar nauyi, ni kuma nauyina ya kai buhun masara biyu. Haka ya ja ni cikin maganar, na kasa zamewa don kada a ce Sha'ibu ya fi ni zuciya.

Da muka kai wa Yahuza maganar, bai so ba da farko. Dogo ne, mai ƙarancin magana, ka ga mutumin da barci ya daɗe da ƙaurace wa. Sha'ibu ya ce masa, “Malam Yahuza, ban zo in ce maka ka yarda da ni ba. Ƙahwarka za ka yarda da ita.” Yahuza ya ɗauki makulli. Yaransa suka biyo mu a kan babura da bindigoginsu na gida. Ni da Ɗanlahadi muna baya a matse tsakanin buhuna.

Motar ta tashi garau. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ba gardama. Ina kallon ƙeyar Yahuza tana ƙara sandarewa, kamar yana cewa ga shi nan, lafiyarta ƙalau. Sha'ibu ya manna baya a kujera, carbi a hannu, gumi na bin wuyansa, leɓensa ba su daina motsi ba. Muka shiga yashi, rana ta take. Wani wari ya fara tasowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Muka tsallaka rafi, itatuwan marke suka rufe mu, Yahuza ya danna totur don ya haye.

Injin ya kwarma ihu, motar ta saki. Ya ƙara dannawa har ƙafarsa ta taɓa ƙarfe. Ya ja sandar giya baya, ya mayar, ya buga sitiyari da tafin hannu. Muna rarrafe kamar an ɗaure mu da igiya, daga ƙarshe ta tsaya cik a tsakiyar hawan. Na ga idonsa a madubi yana duba daji hagu da dama, irin duban da Ɗanlahadi ya yi a wannan wurin ranar da aka tare shi.

Babu yadda za mu yi sai jira man ya huce. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba, ko tsuntsu ya motsa sai na waiga. Sha'ibu ya fito, ya buɗe bonet, ya zaro gejin yana hayaƙi, ya kama hannun Yahuza ya kai shi kusa da guntun tiyon nan. Bai yi wani dogon bayani ba. Yahuza ya daɗe yana kallon abin, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu.

“Tun da aka tahi da Ubale nike neman wanda zan kama,” in ji shi. “Yanzu wa zan kama? Wagga roba?”

Ɗanlahadi ne ya ɗauko jarkar ruwa daga mota ya ajiye a gabansa, ya koma gefe ya tsaya.

Na sha tunanin wannan rana. Sha'ibu ya ceci mutum ɗaya, amma ya raba wani da abin da yake jingina baƙin cikinsa a kai, kuma na san hakan ya dame shi. Kashegari ya samo lagireto irin na motar, ya mayar da bututun inda Allah ya nufe su, ya sauke kaskon giya ya wanke, ya canza mai. Ya gaya wa Ɗanlahadi gaskiya cewa faifan ciki sun sha wuta, za su kai shi wani lokaci amma ba har abada ba. Tun daga ranar duk motar da ta shigo rumfarsa, ko taya aka zo tambaya, sai ya leƙa ƙasan lagiretonta.

Yahuza bai tara mutane ya ba da haƙuri ba, ba irinsa ba ne. An buɗe wa Ɗanlahadi layi a tasha, amma ranar kasuwar da ta biyo motarsa ta daɗe a tsaye ƙofofi a buɗe, mutane na wucewa suna shiga wasu. Wani abokin cinikina da ke wurin ya ba ni labari, ni kuma na kai wa Sha'ibu har rumfa. Can da hantsi sai ga Yahuza yana riƙe da hannun tsohuwarsa, Inna Suwaibatu, wadda har ranar ba ta ga Ubale ba. Ya buɗe mata gidan gaba, ya gyara mata zani kada ƙofa ta kama, ya ɗora ƙullin kayanta a cinyarta. Sannan ya leƙa ta taga ya ce, “Ɗanlahadi, ga Inna nan. Ka kai mani ita Faskari.”