Ƙullin Kanumfarin da na Kai wa Iya Mariya

Fita daga Damagaram

Ba a kira asuba ba na iske Inna, mahaifiyata, zaune bisa tabarma tana tsintar kanumfari a faifai. Masu kai take zaɓa, ta ture karyayyun gefe. Labari ne ya zo mana daga kwarin Tarka cewa yayarta, Iya Mariya, ta rage cin abinci, ta kuma daina fitowa cikin mutane. Su biyu suka rage a ɗakinsu, rabonsu da ganin juna kuwa tun kafin ciwon ƙafa ya zaunar da Inna.

Ta ƙulle kanumfarin a ƙyalle ta miƙo mini. "Ungo, Rakiya. Ki ce wa Yaya ta zo. In ta ƙi, ki dube ta da kyau, ki zo ki faɗa mini."

Na yi salla na nufi tasha. Motar Tanout ta cika da wuri, muka kama hanya gari na wayewa. A bakin gari jandarma suka dubi takardunmu suka ɗaga mana shinge. Kaka ce, ko'ina damman hatsi ne jingine a gonaki, garkunan shanu suna gangarowa daga arewa. A Bakin Birji muka tsaya, na karya da ƙosai da koko.

Da muka koma mota, wani dattijo da ke gefena ya kwance bakin rawaninsa ya jefa wani abu a baki. Ƙamshin ya doke ni, sai ga kakata a idona, uwar su Inna, wadda ko atishawa ta yi ɗaki sai ya ɗauki kanumfari.

Na ce, "Baba, kai ma ɗan gidan ne?"

Ya yi dariya. "'Yata, ƙosai da cikin tsoho ba sa shiri. Wannan ne mai shiga tsakani. Ga shi kuma in na buɗe baki ba a kau da kai."

Tanout

Kafin azahar muka shiga Tanout. Na sauka gidan Isufu, ɗan Iya Mariya, mai saye da sayar da hatsi a kasuwa. Matarsa ta tarbe ni da fura mai sanyi, da yamma kuma tuwon hatsi miyar kuɓewa.

Na tambaye shi jikin Iya. Ya ce, "Yaya Rakiya, na kai ta likita. An ba ta magani, an ce ba wata babbar cuta, tsufa ne da kumburin ciki. Amma ni abin da ya dame ni shirun nan. Matar da in tana hira har maƙwabta ke leƙowa, yanzu in na je sai ta ce in zauna daga bakin ƙofa."

Da ya ga ƙullin da na zo da shi ya girgiza kai. "Kanumfari tun daga Damagaram? Ai ko kasuwar Belbeji akwai shi."

Na ce, "Na kasuwa daban, na hannun ƙanwarta daban."

Hanyar Belbeji

Isufu bai samu biyo ni ba, lokacin awo ne. Washegari ya sa ni a mota mai buɗaɗɗen baya, ya roƙi direba ya ba ni gaba. Muna barin kwalta rairayi ya karɓe mu. Sau biyu motar na kafewa, maza su sauka su tura, direba na faɗin, "Haƙuri, Hajiya, hanyarmu ba ta son gaggawa."

Rabona da wannan ƙasa tun ina 'yar makaranta, lokacin da Inna ke kawo mu hutu. Na riƙa neman abin da na sani. Aduwa da ƙayoyin nan suna nan, rijiyoyi cike da raƙuma da jakai, Buzaye da Fulani suna jan guga. Mutanen da nake tunawa ne babu.

Da la'asar muka isa Belbeji. Wani maƙwabcin Iya da ya zo cin kasuwa ya ɗauke ni a amalanken jakinsa, muka gangara kwari rana na yin ja.

Gidan Iya Mariya

Na same ta a ƙuryar ɗaki, ta rame, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Na durƙusa zan matsa, ta ɗaga hannu.

"Daga nan ma ya isa, 'yar nan. Ina Ƙanwata?"

"Tana gaishe ki, Iya. Ta ce in ba ki wannan."

Ta kwance ƙyallen a hankali. Ta kai shi hanci ta daɗe a haka. Sai na ga kafaɗunta suna rawa.

"Ƙamshin ɗakin uwarmu," in ji ta. "Ita ta tsince shi, ko? Duk masu kai ne."

A nan ta faɗa mini abin da ta ɓoye wa ɗanta. Tun da haƙoranta suka zube, in ta ci abinci sai ciki ya tashi, gyatsa ta yi ta zuwa. Ran wani suna, tana cikin ba da labari, ta ga matar da ke kusa da ita ta juya fuska ta toshe hanci da gefen zane. Daga ranar ta shige ɗaki.

"Na san da kanumfari," ta ce, "amma da me zan tauna?"

Ashe Inna ta hango haka, ta riga ta ba ni amsa tun a gida. Na ce, "Ta ce ki sa ƙwaya ɗaya a kunci bayan kin ci abinci, ki bar shi ya jiƙa, dasashi ma ya ishe shi. Kada ki yawaita, yana da zafi. Maganin likita kuma ki ci gaba da sha."

Na dama mata kunu ta sha rabin ƙwarya, ta sa ƙwaya ɗaya a kunci. Can ta ce, "Matso." Na matsa har gwiwata na taɓa tata. Ta hura mini iska a fuska kamar yarinya, ta tsare ni da ido.

Na ce, "Kanumfari zalla, Iya."

Ban ce ya warkar da ita ba. Kumburin bai tafi duka ba, sai dai ya yi sauƙi, kuma a 'yan kwanakin da na yi ta koma zama a tsakar gida. Mata suka fara shigowa. Ta ba ni labarin yadda ita da Inna suke satar kanumfarin uwarsu su yi sarƙar wuya da shi, da yadda Inna ta bi raƙumin da ya ɗauki Iya amarya da gudu tana kuka har bayan gari.

Ana gobe zan tafi na isar da saƙon Inna cewa ta zo. Ta daɗe tana kallon awakinta.

"Ƙashina ba zai ɗauki motar nan ba, Rakiya. Ita ba ƙafa, ni ba baya. Ki ce mata ina ci, ina hira. Sauran kuma Allah ya haɗa mu inda ba tafiya."

Da safe ta ba ni cuku, busasshen nonon nan na Buzaye, ta naɗe shi a tsumma. "Ki kai mata. Tana mutuwar son shi."

Komawa gida

Na biyo amalanke zuwa Belbeji, na samu motar da ta fito da mu kwalta, daga nan sai Damagaram. Ana kiran magariba na yi sallama. Ban ko ajiye jaka ba Inna ta leƙa bayana. Da ta ga ni kaɗai ce, ta gyara zama.

"Faɗa mini."

Na faɗa mata duka, har yadda Iya ke dafa ƙirji in tana dariya. Sannan na miƙa mata tsumman. Ta buɗe, ta ɗauki cukun ta ƙwanƙwasa shi a bakin faifai, ya yi ƙara kamar katako. Ta fashe da dariya, hawaye na bin fuskarta.

"Yaya ke nan! Ta manta ni ma haƙoran sun ƙare. Ita har yau yarinya take gani."

Na ce in jiƙa mata shi a ruwan zafi. Ta ce a'a, a bar mata shi haka, ta tura shi ƙarƙashin matashinta.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Isufu da iyalinsa, da maƙwabcin da ya ɗauke ni bai karɓi komai ba, Allah ya saka musu da alheri. Tsofaffin nan biyu kuwa, duk wanda ya karanta wannan ya sa su a addu'a.