Wa Ke Taɓa Mini Ɗan Ƙarfe?

Ni bakaniken tarakta ne, wadda mu a Gadarif muke ce wa babur. Damina da kaka ina Gadambaliya cikin gonakin dawa, hannu dumu-dumu da baƙin mai. Da an gama girbi sai zaman gida, ni kuwa zaman banza bai taɓa karɓata ba. A irin wannan rani na haɗa ɗan mutum-mutumi: injin goge gilashin wata matacciyar lori, tayoyin keken yara, da hannu guda mai gwiwa. Rimot ɗin kam ba aikina ba ne. Aminina ne ya haɗa shi, mai gyaran rediyo a kasuwa, wanda muka taso tare tun muna yawo ba wando.

Saboda Inna na yi shi. Ciwon gwiwa ya zaunar da ita a kan angarib, gadonta na igiya da ke ƙarƙashin rumfa. Sai in ɗora masa jabana, butar gahawa, daga bakin kicin, in danna, ya taho yana tangaɗi har gabanta. Ranar farko ta yi dariya har da hawaye, ta raɗa masa suna ɗan ƙarfe. A ƙarƙashin gadonta nake ajiye shi don inuwa.

Rigimar ta faro ne da na ce zan sa wa hannun giya masu haƙora don ya riƙa miƙa mata kofi. Abokina ya ce in sa bel, ƙurar Gadarif ba ta barin haƙori. Na ce ya tsaya a kan rediyonsa. Giyar ta yi aiki, maƙwabta suka cika gidan, kowa sai "masha Allah, usta, gwanin makanikai!" Ba wanda ya tambayi wa ya haɗa rimot. Na saci kallon fuskarsa, sai na ga kamar murmushin bai kai zuci ba.

Bayan mako guda hannun ya sandare. Na buɗe, me zan gani? Wani baƙin danƙo ya cushe haƙoran, tururuwa sun yi layi. Ni da gangan na bar giyar a bushe don kada ta kama ƙura. Na wanke da fetur. Kwana uku, ga shi nan kuma.

To wa? Matata ko tsintsiya ba ta kai masa, tsoronsa take. Mutum ɗaya ne ke shiga gidana ba na nan: shi aminin nawa, kullum bayan azahar yakan biyo ya gaida Inna, su sha gahawa. Na kwana da abin, na tashi da shi. Har na tuno wata baƙar magana da ya yaɓa mini tun muna samari, na ce ashe tun can yake ƙullace da ni. Na barbaɗa toka ta gefen da ɗan ƙarfe ke kwana. Da yamma na tarar da sawun takalmi ɗaya tak, kuma na san mai shi.

Wallahi ban ko sha ruwa ba. Na cire giyar, na nufi shagonsa, na dangwara masa a tebur gaban masu jiran gyara.

"Me ka zuba mini?"

Ya ɗauka, ya kai hanci, ya daɗe yana kallona. "Ya zol, bawan Allah, bar maganar nan," ya ce.

Wannan magana ta ƙara tunzura ni. Na ce hassada ce ke cinsa, don an yabe ni ba a yabe shi ba. Na ce ana zaton wuta a maƙera, ashe tana gidan amini. Na faɗi abin da har yau ba na iya maimaitawa.

Ya mayar mini da giyar. "To, ni ne. Halas, shi ke nan."

Bai sake taka gidan ba. Inna ta yi ta tambaya, ina ce mata aiki ne ya yi masa yawa. Amma danƙon bai daina ba! Maimakon in yi hankali, sai na ce lallai turo wani yake. Kai, zargi mugun ciwo ne.

Wata safiya na fita, na manta sifana, na dawo. Inna ta sa sandarta ta jawo ɗan ƙarfe gabanta. Ga kwalbar man riɗi a cinyarta, tana tsiyaya masa a gwiwa, tana murzawa da babban yatsa, tana yi masa sannu.

"Inna! Me kike yi?"

"Kuka yake a gwiwa, ɗan nan, ba ka ji? In na shafa tawa sai in shafa masa tasa. Kai ma da shi na raine ka, ko ka manta?"

Ban manta ba. Duk zazzaɓin ƙuruciyata da man riɗi da gishiri ta murje shi. Hancina ne gas ya kashe, har na kasa gane warin da na girma a cikinsa. Na zauna a ƙasa.

Na je shagon ina jan jiki, kunya kamar ta kashe ni. Bai ɗago daga rediyon da yake gyara ba.

"Tun ranar na ji ƙamshin," ya ce. "Da na faɗa, da ka koma ka zazzage mata abin da ka zazzage mini. Na san bakinka. Ni zan iya ɗauka, ita fa?"

Na roƙe shi gafara a gaban mutanen, ya ce ya yafe. Washegari bayan azahar ya zo ya gaida Inna, suka sha gahawa. Na sauya giyar da bel, yadda ya ce tun farko, na jawo ɗan ƙarfe gabansa, na ce ya duba mini. Ya sunkuya ya duba da kyau, ya ce ya yi. Amma hannayensa na goye a bayansa. Shekaru nawa ke nan, Inna ma ta rasu, har yau in zai kalli wani abu nawa, haka yake goye su.