Inna Rakiya, Ungozomar Mahjar

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna Rakiya, yayar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara biyar. A Mahjar, unguwarmu a Jidda, ba a kiran sunanta, Ungozoma kawai ake cewa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma matan da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, masu tsoron ƙofar asibiti, duk a hannunta suke haihuwa. Ita kanta takardunta sun daɗe da mutuwa.

Ina 'yar shekara goma sha shida aka kira ta wurin wata baƙuwa 'yar Damagaram, na bi ta da ƙullin kayanta. Da hantsi jariri ya faɗo lafiya, sai jini ya ɓalle. Inna ta murza mara, ta yi duk abin da ta sani, bai tsaya ba. Mijin ya tare ƙofa yana roƙo kada a fita da ita, za a kama su. Inna ta ce, "Matsa, Malam. Gara a kama mu da ranta." Ta tare tasi da kanta, ta shiga asibiti riƙe da kan matar, alhali ta san ita ma ana iya tambayarta takarda. Wata nas ce ta fara tarbar mu. Kafin likita ya iso ta sa ruwa, ta ba da allura, ta aika a kawo jini. Matar ta rayu, kuma Allah ya rufa asiri ba wanda ya tambayi Inna komai.

A hanyar gida Inna ta dube ni. Ta ce, "Bilki, kin ga yarinyar nan? Inda hannuna ya tsaya, nan nata ya fara. Irin karatunta za ki yi."

Hanyar ba gajeriya ba ce. Na tafi Sudan wurin dangin mahaifina na yi digirin jinya, na dawo Jidda na zauna jarrabawar lasisi, na faɗi, na sake. Na sami kafili, mai tsaya mini a kan takardun aiki, a wani asibiti mai zaman kansa, na yi shekara shida a ɗakin haihuwa. A nan na gane cewa nas ma hawa-hawa ce. Akwai mai bin umarni, akwai kuma wadda ta ƙware a fanni guda har ake neman shawararta, ko a kula da jarirai bakwaini, ko a ɗakin masu ciwo mai tsanani, ko a ciwon sukari. Ni na zaɓi ciki mai haɗari. Sharaɗin shi ne digiri na biyu, ga aiki, ga 'ya'ya biyu a gida. Sannu ba ta hana zuwa, na nema har sau uku kafin a ɗauke ni.

Ina shekarar farko Inna ta kwanta ciwon ajali. Na yanke shawarar ajiye karatun in yi jinyarta. Da ta ji, sai ta juya mini baya. "Halas, ya isa haka, 'yar nan. Masu ba ni koko suna da yawa. Yalla, maza koma makarantarki." Na koma ina kuka. Ba ta ga ranar da na kammala ba.

Yau ina da ɗakina na duba masu ciki. Ni nake auna su, in karanta hoton cikin, in tsara yadda za a bi da mai hawan jini har ta sauka, kuma idan na ce a kira likitan tiyata ba a tsayawa gardama. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta leƙo. Na san za ta yi dariyar na'urar da ke jiyo bugun zuciyar ɗan tayi, ta ce ita da kunne take ji. Na san kuma za ta yi jimami idan ta ga layinmu na da, domin rusau ya bi ta kansa, matan da ta sani sun watse, wasu unguwar Kurayyat, wasu sun koma ƙasarsu gaba ɗaya. Amma da za ta ga watan jiya, yadda na tsinkayi jijjiga a jikin wata mata tun daga kumburin fuskarta, muka ciro 'yan biyu da rai, ita ma uwar ta tashi, ina jin guɗa za ta rangaɗa a tsakiyar asibitin, ko da za a kore ta.

Da tsohuwar zuma ake magani. Littafi ya ba ni sunan kowace cuta da maganinta, amma a wurin Inna na koyi zama kusa da mai naƙuda, da faɗa mata gaskiya ba tare da an razana ta ba. Shi nake koya wa nas-nas biyu da ke ƙarƙashina yanzu. Ɗayarsu Bahaushiya ce haifaffiyar Jidda, ina mata Hausa tana amsa mini da Larabci. Jiya ta kawo mini takardar neman digiri na biyu in sa mata hannu a matsayin mai shaida. Na sa, na ce mata idan suka ƙi ta bana, ta dawo baɗi da wata.

Allah ya jiƙan Inna Rakiya, ya haskaka makwancinta.